Makirufo Ba Batir

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jiya suka kawo albam ɗin gida. Albam! A zamaninmu sai mutum ya sha wuya shekara da shekaru kafin a bar shi ya tsaya gaban makirufo. Yau jikana ɗan shekara goma sha huɗu yana da albam, yana da fosta, har da suna na biyu. Mu a gida Tsako muke ce masa tun yana rarrafe, saboda yadda yake bin uwarsa da ƙaramar muryar nan. A fosta kuwa Kanari ne.

Mai situdiyon ne ya kawo da kansa. Mai Tabarau nake kiransa, don ko a cikin falo ba ya cire baƙin gilashin nan, sai ka ce wanda aka yi wa aikin ido. Ya ce rabin waƙoƙin ar-an-bi ne, wato masu sanyi na soyayya, rabi kuma na rawa. Na ce yaron da har yanzu uwarsa ke duba masa bayan kunne ko ya wanku, me ya sani a kan soyayya? Ba wanda ya yi dariya.

Aka kunna. 'Yata, uwar Tsako, tun waƙar farko take hawaye. Maƙwabta suka cika ƙofa. Ni kuwa ina zaune ina jin dum, dum, dum a ƙirjina kamar ana rushe katanga. Da aka gama kowa ya juyo yana kallona, wai ni ne malamin kiɗa. Rabin rayuwata na yi ina koyar da kiɗa a kwalejin horar da malamai, kafin su rufe sashen su mayar da ajina sito. Na ce, "To, kiɗan na ji. Ina waƙar?"

'Yata ta tashi ta shige ɗaki. Tsako ya ce wani abu yana murmushi, ban kula ba. Yaran yanzu a ciki suke magana.

Tambaya na yi. Ba zagi ba ne.

Laraba, 5 ga wata, da rana

Butar shayin nan ta daina fito. Ruwa ya ƙone ƙaf ina zaune kusa da ita. Na ce wa 'yata ta canza ta, ta ce lafiyarta ƙalau. Komai na gidan nan lafiyarsa ƙalau, ni kaɗai ne matsala.

An sa ranar ƙaddamarwa: Asabar ta ƙarshen wata, da yamma, a babban ɗakin taro, don yawancin masoyansa 'yan makaranta ne, dole su koma gida kafin duhu. Fosta har a jikin shagon mai aski. Sun shafa masa hoda, sun sa masa farar riga, yana kallon sama kamar mai jiran ruwa.

Ba ruwana.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Muna karyawa. Na ba shi baya ma, ina yanka burodi, sai na ji an ce, "Tsoho, miƙo min sukari."

Sarai. Kowace kalma a wurinta. Na juya ina neman baƙon da ya shigo mana ba sallama. Ba kowa sai Tsako, hannu a baki, ido waje. Uwarsa ta saki cokali.

Na ce, "Sake faɗi."

Ya ce, "Sukari," muryar ta taso daga ƙasa kamar ana jan tebur, ta ƙare can sama da wani abin da ban kama ba.

Uwarsa ta ce, "Mura ce."

Na ce, "I, irin murar nan mai zuwa da gashin baki." Dubi wuyansa kawai. Zakaran wuya ya fito, ya kwana biyu da fitowa, duk suna kallon fosta ba wanda ya kalli yaron. Muryarsa ta fashe, kamar yadda ta kowane ɗa namiji ke fashewa tun farkon duniya.

Ta ɗauki waya ta fita tsakar gida. Na miƙa masa sukari.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe uku na rana

Mai Tabarau ya zo. Yau kam ya cire gilashin, ashe idanunsa ƙanana ne. Ya sa Tsako ya rera farkon waƙa ɗaya, bai kai ko'ina ba ya ɗaga masa hannu. Ya yi ta zagaya falo kamar an yi masa mutuwa.

Ga hukuncin da ya yanke. Daga yau yaro ba zai yi magana ba, a waje ko a gida, don bango ma yana da maƙwabta. Za a ce likita ya sa shi hutun murya. Ranar taro za a kunna albam, shi kuma ya riƙe makirufo yana motsa baki yana rawa. Idan albam ya shiga gari sosai, sai a san abin yi.

Na ce, "Wato ƙarya za ku sa shi ya yi da bakinsa, a gaban jama'a."

Ya ce, "Baba, ku ba ku san harkar nan ba. Kowa haka yake yi. Siririyar muryar nan ita ce hajar, ita yara suke so. Idan suka ji wannan..." Ya nuna wuyan yaron kamar mai nuna ƙurji.

Na ce masa a inda na yi karatu, ƙasar da ƙanƙara ke toshe ƙofa, idan muryar yaro ta fashe a ƙungiyar mawaƙa, malaminmu tsayar da aji yake yi, a tafa wa yaron, a matsar da shi layin baya wurin maza. Ba a ɓoye shi kamar ya yi abin kunya.

Ya ce, "Allah sarki, Baba. Zamanin da ke nan." Ya mayar da gilashinsa.

'Yata ta ce, "Baba, don Allah ka bar mana wannan." Mana. Ita da shi.

Tsako yana kallon ƙasa. Ba wanda ya tambaye shi, kuma ko an tambaye shi an hana shi amsawa.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Ko ruwa yake so sai ya rubuta wa uwarsa a waya. Sun naɗe masa wuya da tawul a wannan zafin, ana ɗura masa zuma da ruwan ɗumi, kamar hakan zai mayar da shi ɗan shekara goma. 'Yata a kantin magani take aiki, ta fi kowa sanin babu ƙwayar da ke hana yaro girma. Amma ga ta da cokali.

Ba ruwana. Nawa ɗaki a baya yake.

Talata, 11 ga wata, da yamma

Yau ma bai ce komai ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Uwarsa tana aiki, aka ce in raka shi gwaji. Amfanina ke nan yanzu, ɗan rakiya.

Situdiyon yana saman wani shagon buga takardu. Bango duk soso, babu taga, ga madubi daga ƙasa har sama. 'Yan rawa sun jeru a baya, shi a gaba. Aka ba shi makirufo, na karɓa in gani, na ji shi sakayau. Na kwance gindin. Babu batir. Mai Tabarau ya ce an cire ne don kada a yi kuskure. Kuskuren shi ne a ji jikana.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Mai haɗa sautin ya kira ni gaban kwamfuta yana alfahari, ya nuna mini yadda suka bi waƙoƙin layi-layi suka yanke duk inda yaron ya ja numfashi. Wai sun tsabtace. To yanzu mai rai ne zai bi abin da ba ya numfashi. Ga tsalle, ga juyi, ga baki a buɗe kan dogon sauti, ƙirjinsa yana neman iska, Mai Tabarau yana daka masa tsawa: "Kada ka ja a nan! Kyamara za ta gani!" Yaro ya haɗa gumi, jijiyar wuya ta miƙe, yana kallon kansa a madubi yana kwaikwayon yaron da ya riga ya tafi.

Abu na farko da nake koya wa ɗalibi shi ne inda zai ja numfashi. Numfashi ba datti ba ne. A nan ake gane mutum ne yake waƙar.

A mota muna dawowa ya jingina kansa da gilashi. Na ce, "Ka yi ƙoƙari." Ya zaro waya ya rubuta ya nuna mini: "Ƙarya ba ta yi maka kyau, Tsoho."

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Ya shigo ɗakina ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Ya ce, "Tsoho, shirun nan zai kashe ni."

Na ce, "Ikon Allah. Mun kwanta da tsako mun tashi da jaki."

Ya ce, "Jakin dai jikanka ne, kowa ya san inda ya gado."

Ya yi dariya, dariyar ma ta sauka ƙasa. Sai kuma ya daina. Ya ce, "Muryar ta tafi ke nan? Ba za ta dawo ba?"

Na ce ba za ta dawo ba. Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Na yaye zanen da ke kan fiyano. Ita kaɗai na tsira da ita ranar da suka rufe sashen, da sun bar wa ɓeraye. Na ce, "Zo mu ga inda ka sauka." Na fara daga tsakiya ina gangarowa hagu, yana bi. Can ƙasa muka same shi. Sabuwar muryar ɗanya ce, tana rawa, amma akwai faɗi a cikinta, akwai ɗumi. Nan da shekara biyu, in ba su lalata ta ba, za a yi magana.

Na ce ya rera mini ɗaya cikin masu sanyin a nan ƙasa, in nemo masa kiɗan. Ya rera ta ƙarshen albam. Yaro ne ya tsaya jiran yarinya a ƙofar gaba ta makaranta, ita kuwa kullum ta ƙofar baya take fita, ya sani, amma bai fasa tsayawa ba. Ashe shi ya tsara ta da kansa. Akwai wani wuri a tsakiya da sautin ke hawa ya ƙi saukowa inda kake zato. Ba a koyar da wannan. Na yi ɗalibai masu digiri da ba su taɓa samo irinsa ba.

Na ce, "Wannan a cikin albam ɗin take?"

Ya ce, "Ai ka ji ta ranar da aka kawo."

Na ce lasifikar Mai Tabarau ba ta da kyau.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kullum yanzu muna kan fiyano, daga dawowarsa daga gwaji zuwa dawowar uwarsa. A can yana koyon rufe numfashi, a nan ina koya masa buɗewa.

Yau yana wasa da fiyano, hannunsa ya tafi can ƙarshen dama. Na ce ya bar nan, maɓallan sun mutu tun bara, sai ƙwas-ƙwas na katako. Ya sake dannawa. Ya kalle ni. Ya danna na ƙarshe da ƙarfi, bai ɗauke ido daga kaina ba.

Ya ce, "Tsoho."

Na ce, "Mene ne?"

Ya ce, "Ba komai. Mu koma hagu."

Yaro mai baƙin surutu. Gara ma lokacin da yake shiru.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Ya ce ranar taro zai yi duk na rawar yadda suke so, amma ta ƙarshe da bakinsa zai rera ta, a ƙasa, ko Mai Tabarau ya so ko ya ƙi.

Ban sa shi ba. Ina so a rubuta wannan. Ban kuma hana shi ba.

Wurin hawan nan na tsakiya ne matsala. Wani lokaci ya wuce lafiya, wani lokaci muryar ta kuɓuce masa ta yi sama. Ina gane ta kuɓuce don sai ta ɓace mini ɗif, in ga ya runtse ido.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

'Yata ta dawo da wuri. Ban ji shigowarta ba. Tsako ne ya tsaya a tsakiyar layi, na ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ni ta fuskanta. Ba zan iya kawo duk abin da ta ce ba, da sauri take magana kuma idan ranta ya ɓaci muryarta sama take yi. Amma na samu isasshe.

Ta ce, "Baba, ka san yadda yaran yanzu suke? Kowa da waya a hannu. Muryar nan ta kuɓuce masa sau ɗaya a kan dandamali, shi ke nan, har ya tsufa ana tura wa juna ana dariya. Kai za ka koma ɗakinka. Shi zai koma makaranta ranar Litinin."

Na ce gara a yi masa dariya a kan gaskiya.

Ta ce, "Gaskiya! Yaushe waƙarsa ta dame ka? Ranar da ya ci gasar makaranta kowa ya miƙe, kai kana zaune kamar dutse. Shekara biyu yaron nan yana rera waƙa a gidan nan yana satar kallonka, ko sau ɗaya ba ka ce madalla ba. An kawo albam ka ce ina waƙar. Sai yanzu da ta lalace ka samu abin so? Don su sun rufe maka aji, shi ma sai an rufe masa?"

Wannan ta shiga. Ta san inda za ta soka, 'yata ce.

Na buɗe baki, sai Tsako ya riga ni. Ya ce, "Mama, ba ƙi ya yi ba. Ba ya ji ne. Bai taɓa jin muryata ba sai yanzu."

Na ce ya rufe mini baki, marar kunya, wa ya tambaye shi? Na ce su fita mini daga ɗaki dukansu. Ta tsaya tana kallona kamar ta ga baƙo. Sannan ta rufe murfin fiyano, ta murɗa makulli, ta sa a jaka.

Maganar yara ce. Kunnena ne sana'ata.

Asabar, 22 ga wata, da safe

Ina kicin ina jiran butar banzan nan. A jikinta na hango 'yata tsaye a bayana, bakinta yana motsi. Ta daɗe. Ban juya ba. Ni ba ɗalibi ba ne da za a yi mini jarrabawa.

Talata, 25 ga wata, da rana

Tsuntsayen bishiyar tsakar gida suna nan, na gan su yau. Na ɗauka sun ƙaura tuntuni.

Marigayiya matata siririyar murya gare ta. A shekararta ta ƙarshe ta sha cewa na daina sauraronta, ina mata kallon bango. Nakan ce ta riƙa buɗe baki idan za ta yi magana.

Ba zan rubuta wannan ba. Biro ma ya fara ƙarewa.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gobe ne. Ya shigo, babu fiyano, na ba shi sauti da bakina. Wurin hawan ya kuɓuce. Muka sake, ya kuɓuce. Muka sake. Ya zauna a bakin gado, ya ce ko abinci ya kasa ci. Sai na ga ba mawaƙi ba ne a gabana, yaro ne wanda bai fara aske gemu ba.

Wa zai amfana in ya rera gobe? Mutum ɗaya ne a ɗakin taron nan da tsohuwar muryar ba ta yi masa amfanin komai. Saura duk ita suka zo ji.

Na ce, "Gobe ka motsa bakinka. Uwarka ta fi ni gaskiya. Muryar ba ta nuna ba, a bar ta ta nuna."

Ya ce, "Kai ma?"

Na ce ni ma.

Ya ce, "To me za ka je yi a can? Kallon bakina?"

Na ce zama zan je yi, na saba.

Ya fita, ya bugo ƙofar. Wannan kam na ji.

Allah ya isa tsakanina da Mai Tabarau, da kwamfutarsa, da wanda ya sa hannu aka mayar da ajina sito, da butar shayi.

Asabar, 29 ga wata, bayan magariba

Zan rubuta yadda ya faru kafin su canza mini shi.

Ɗakin ya cika, yara har kan tagogi. Aka ba mu kujerun gaba, ni da 'yata, na ce baya zan zauna, ta biyo ni. Fitilu, hayaƙi, dum, dum, dum. Ya fito cikin farar rigar. Yara suka miƙe, bakuna a buɗe, hannuwa sama.

Ya yi musu yadda suke so. In faɗi gaskiya, ya iya. Rawa tsaf, baki yana faɗa daidai, ko sau ɗaya bai ja numfashi inda aka hana shi ba. Mai Tabarau a gefen dandamali yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ni kuwa ina kallon bakin jikana yana buɗewa yana rufewa, daga waƙar farko har ta ƙarshe, har da ta ƙofar makaranta. Na ga layukan suna wucewa a leɓɓansa. Na san su yanzu. Abin da na samu ke nan.

Aka gama. Mai gabatarwa ya hau yana cewa a tafa wa Kanari, likita ya hana shi magana amma zai ɗaga muku hannu. Tsako ya ɗaga hannu. Ya sunkuya ya ajiye makirufonsa a ƙasa, a hankali. Sannan ya zare na hannun mai gabatarwa, mai batir.

Ya ce, "Tsoho, kana ji na?"

Muryar ta cika ɗakin. Ta zo har baya ta same ni a kujera. Yara suka yi tsit, suna waige-waige, wane ne ya yi magana, wane ne tsoho. Wasu suka fashe da dariya. Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su. 'Yata ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga.

Ban yi niyya ba. Na miƙe na ce, "Ina ji! Ja numfashi tukuna, ɗan banza!"

Ya ja. Kowa ya ji ya ja, lasifika ta kawo shi. Ya rera ta ƙofar makaranta, babu kiɗa, a ƙasa inda muka same shi. Mai Tabarau yana yi wa mai haɗa sauti alama da hannu a wuya, a kashe, shi kuwa ko ruɗewa ya yi ko me, bai kashe ba.

Ya iso wurin hawan. Ta kuɓuce. Ta ɓace mini, na ga ya runtse ido, na ji dariya, dariya kam tana da kauri, ina jin ta. Ya tsaya. Na ce shi ke nan, zai gudu. Ya goge baki da bayan hannu, ya koma farkon layin, ya sake hawa. Ya wuce.

Wasu sun tafa. Wasu suna dariya har aka kunna fitila. Wata yarinya a gabanmu tana kuka tana cewa an cuce su, ba shi ba ne. Ba zan ce ɗakin ya rushe da tafi ba, ni ba mai fosta ba ne.

Lahadi, 30 ga wata, da hantsi

Bidiyon ya zagaya, kuma wurin kuɓucewar kawai suka yanko, kamar yadda ta faɗa. Wani ya haɗa shi da hoton jaki. Mai aski ya nuna mini yana ƙoƙarin haɗiye dariya, na ce ya gama mini rabin kan da ya fara in tafi.

Mai Tabarau bai zo ba, a waya ya yi ta yi. Ya ce an kashe masa aiki, ba shi ba Tsako. Albam dai yana gari, ana ta saurare, wai har ya fi da, don kowa yana so ya ji abin da ya fashe. Duniya ke nan.

Tsako bai fito karyawa ba. Gobe makaranta.

Ita ta faɗa, ni na ji, shi zai ɗauka. Kuma na hana shi. A rubuta cewa na hana shi.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Da safe 'yata ta shigo ɗakina kafin ta tafi aiki. Ba ta tsaya a ƙofa ba, ta zagayo ta gabana, ta durƙusa daidai fuskata, ta yi magana a hankali da murya ƙasa-ƙasa. Wani ya koya mata, na san ko wane ne.

Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Na ce, "Tun da mahaifiyarki."

Ta rufe fuska. Na ce ta tashi kada ta makara, ba na son koke-koke da safe. Ta ce ranar Alhamis za ta kai ni a duba, akwai abin da ake sawa a kunne. Na ce ni ba rediyo ba ne da za a sa mini batir. Ta ce Alhamis dai. Da ta fita na ga makullin a kan murfin fiyano.

Ya dawo daga makaranta da aljihun riga a yage, leɓe a kumbure. Ya jefar da jaka ya zauna a kujerar fiyano.

Na ce, "Wa ya ci?"

Ya ce, "Su uku ne, Tsoho. Suna mini kukan jaki tun daga ƙofa."

Na ce, "Ta gaba ko ta baya?"

Ya so ya yi dariya, leɓen ya hana. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ba ka ce komai ba har yanzu. Yaya ka ji?"

Shekara biyu yana jira, in ji uwarsa.

Na ce, "A layi na uku ka sauka ƙasa da sautin. Ka ja numfashi a tsakiyar kalma sau biyu. Wurin hawan ka tura da maƙogwaro, na hana ka."

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Duk na ji. Tun daga farko har ƙarshe, ba abin da ya wuce ni sai wurin da ya wuce ka. Madalla."

Ya daɗe yana kallon maɓallan. Ya ja hanci, ya ce ƙura ce, ɗakina ba a sharewa.

Na buɗe murfin. Na ce ya matsa hagu, mu koma layi na uku.